Manyan dabarun warware Sudoku

Manyan dabarun warware Sudoku hanyoyi ne na nazari da ake komawa gare su idan dabarun farko sun ƙare, wato a lokacin da babu gurbin da mai wasa zai iya cikewa kai tsaye. Sudoku wasan ƙwaƙwalwa ne mai gurabe 81, layuka tara a kwance da tara a tsaye, an kuma raba shi zuwa akwatuna tara masu gurabe tara-tara. Ana so kowace lamba daga 1 zuwa 9 ta fito sau ɗaya tak a kowane layi da kowane akwati.

Tarihi

An fara buga wasan a Amurka a shekarar 1979 a wata mujallar kamfanin Dell, ana kuma danganta ƙirƙirarsa ga Howard Garns. Kamfanin Nikoli ya kai shi Japan a 1984, can ne ya samu sunan Sudoku. Ya bazu a duniya bayan jaridar The Times ta Landan ta fara buga shi a watan Nuwamba na 2004. A 2012 Gary McGuire na Dublin da abokan aikinsa suka nuna da kwamfuta cewa wasa mai amsa ɗaya ba ya yiwuwa da ƙasa da lambobin farawa 17. Sai dai ƙarancin lambobin farawa ba shi ne ma'aunin wahala ba. Wahalar tana ga irin dabarar da wasan ke buƙata.

Rubuta 'yan takara

Kafin komai, mai wasa yakan rubuta ƙananan lambobi da fensir a kowane gurbi, wato duk lambobin da har yanzu suke iya zama a wurin. Su ake kira 'yan takara. A wasa mai wuya yawancin aikin share 'yan takara ne, cike gurbi yana biyo baya. Misali mafi sauƙi shi ne tagwaye: idan gurabe biyu a layi ɗaya ba su da 'yan takara sai 2 da 5, to waɗannan lambobi nasu ne, sai a share 2 da 5 daga sauran gurabun layin.

X-Wing

Wannan ita ce dabarar da akasarin masu koyo suke fara cin karo da ita a mataki na sama. A ɗauka cewa a layin kwance na 2, lamba 7 ba ta da wurin zama sai a layin tsaye na 3 ko na 8. A layin kwance na 6 ma haka abin yake, 3 ko 8. Gurabun nan huɗu sun zama kusurwoyin murabba'i. Idan 7 ta sama ta zauna a layi na 3, dole ta ƙasa ta koma na 8. Idan ta sama ta zauna a na 8, ta ƙasa sai na 3. Ba a san wanne ne gaskiya ba tukuna, kuma ba a buƙatar sani, domin ko ta yaya layukan tsaye na 3 da na 8 sun riga sun sami 7 ɗinsu. Saboda haka ana share 7 daga duk sauran gurabun waɗannan layuka biyu. Idan tsarin ya shafi layuka uku a kwance da uku a tsaye, sunansa Swordfish.

XY-Wing

A nan gurabe uku ake nema, kowanne da 'yan takara biyu. Na tsakiya yana da 1 da 2. Ɗaya reshen yana da 1 da 3, ɗayan kuma 2 da 3, kuma kowane reshe yana tarayya da na tsakiya a layi ko akwati. Idan na tsakiya ya zama 1, reshen farko ya zama 3. Idan ya zama 2, reshe na biyu ne zai zama 3. Don haka duk gurbin da ke tarayya da rassan biyu a lokaci guda ba zai iya zama 3 ba. Dogayen sarƙoƙi da ƙwararru ke bi faɗaɗa wannan tunani ne zuwa gurabe da yawa.

Dogaro da amsa ɗaya

Akwai dabarar da ake saɓani a kanta. Idan gurabe huɗu suka yi murabba'i a cikin akwatuna biyu, uku suna da 4 da 9 kawai, na huɗun kuma yana da 4, 9 da 6, to ana ɗaukar na huɗun 6 ne. Dalili shi ne in ba haka ba, 4 da 9 za su iya musayar wuri, wasan ya zama mai amsa biyu. Dabarar tana aiki ne kawai idan wanda ya tsara wasan ya tabbatar amsa ɗaya gare shi, shi ya sa wasu masu wasa ke guje mata. A wasan da aka tsara da sakaci, tana iya kai mutum ga kuskuren da ba zai gano ba sai ya kusa cike allon.