Jawabin Alƙahira: Tsakanin Faɗa da Cikawa

Gabatarwa

Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. To, amma baƙon da aka yi wa shimfiɗar fuska, in ya kwana biyu, sai ya fara duban abin da ya biyo bayanta. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce waiwayen yadda Shugaba Barack Obama na Amurka ya miƙa wa Musulmin duniya hannu sa'ad da ya hau mulki cikin 2009, da dalilin da ya sa ya yi haka, da kuma abin da ya faru yayin da wannan hannu ya ci karo da sha'anin tsaron ƙasarsa.

Abin da ya tarar

Obama ya karɓi mulki ran 20 ga Janairu, 2009, alhali ƙasarsa tana yaƙi a ƙasashen Musulmi biyu. Ta shiga Afganistan cikin 2001 bayan harin 11 ga Satumba, sa'an nan ta afka wa Iraƙi cikin 2003 bisa zargin makaman da ba a samu ba. Hotunan wulakancin da aka yi wa fursunoni a kurkukun Abu Ghraib sun bazu cikin 2004. A sansanin Gwantanamo kuwa, da ke tsibirin Kyuba, ya tarar da mutum 242 a tsare, galibinsu ba a kai su gaban alƙali ba.

Mai karatu zai ga ke nan neman shiri da Musulmi ba karamci ne kawai ba. Lissafin tsaro ne. Ƙungiya irin ta Alƙa'ida da fushin jama'a take samun mabiya, kuma ba a kama mai shirya ta'asa sai maƙwabtansa sun yarda su tona shi. Saboda haka duk abin da zai rage wannan fushi, kariya ce ga Amurka.

Miƙa hannu

Bai ɓata lokaci ba. Ran 22 ga Janairu ya sa hannu a kan umarnin rufe Gwantanamo cikin shekara guda, ya kuma hana azabtar da waɗanda ake tuhuma. A ranar ce ya naɗa George Mitchell manzo na musamman kan rikicin Isra'ila da Falasɗinu. Hirarsa ta farko da gidan talabijin, da tashar Larabci ta Al-Arabiya ya yi ta. Cikin Maris ya aika wa mutanen Iran gaisuwar sabuwar shekararsu. Cikin Afrilu ya tsaya gaban majalisar Turkiyya ya ce Amurka ba ta yaƙi da Musulunci.

Babban jawabin shi ne wanda ya yi ran 4 ga Yuni, 2009, a Jami'ar Alƙahira, wadda ta haɗa kai da Azhar wajen karɓar baƙuncinsa. Ya yi wa jama'a sallama irin ta Musulmi. Ya taɓo batutuwa bakwai, watau ta'addanci, da Falasɗinu, da makaman nukiliya, da dimokuraɗiyya, da 'yancin addini, da haƙƙin mata, da raya tattalin arziki. Ya amsa cewa Amurka na da hannu a kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnatin Iran cikin 1953. Ya ce ƙasarsa ba ta yarda da halaccin ci gaba da gina matsugunan Yahudawa a yankin Falasɗinawa ba. Bugu da ƙari ya yi alkawarin haɗa hannu da Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi don kawar da cutar shan inna.

Ɗaya hannun

To, sai dai tun a makon farko akwai wani hannun da ke aiki. Ran 23 ga Janairu, kwana uku da rantsar da shi, jirage marasa matuƙa suka kai hari a Waziristan ta Pakistan. Cikin 2010 irin waɗannan hare-hare a Pakistan sun haura 100. Gwamnatinsa da kanta ta faɗa cikin 2016 cewa hare-hare 473 da ta kai a wuraren da ba fagen yaƙi ba, daga 2009 zuwa 2015, sun kashe farar hula tsakanin 64 da 116. Masu bincike masu zaman kansu kuwa sun ce adadin ya zarce haka nesa. Cikin Disamba 2009 ya ƙara soja 30,000 a Afganistan, kwanaki kaɗan kafin ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Gwantanamo ma ta gagara rufuwa. Cikin Mayu 2009 Majalisar Dattawa ta hana kuɗin aikin da ƙuri'a 90, shida kaɗai suka goyi bayansa. Ya rage yawan fursunonin ƙwarai, amma ya sauka cikin 2017 ya bar 41 a ciki. Batun Falasɗinu kuwa, Firayim Minista Netanyahu ya yarda da ɗan tsaiko na wata goma a ginin matsugunai, da wa'adin ya cika cikin Satumba 2010 sai aka ci gaba da gini, tattaunawa ta watse. Mitchell ya ajiye aiki cikin Mayu 2011.

Inda abin ya shafe mu

Ranar Kirsimati ta 2009 wani saurayi ɗan Nijeriya, Umar Faruk Abdulmutallab, ya yi ƙoƙarin tayar da bam a jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit. Abin lura shi ne, tun cikin Nuwamba mahaifinsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya kai kukan cewa ɗansa ya kauce hanya. Wannan shi ne ainihin haɗin kan da jawabin Alƙahira ke nema, kuma an samu, amma hukumomin Amurka suka yi sakaci da shi. Duk da haka, cikin Janairu 2010 sai aka sa Nijeriya cikin ƙasashe 14 waɗanda za a tsananta wa matafiyansu bincike. Wake ɗaya ya ɓata gari, aka manta da uban da ya tona. An janye tsarin bayan 'yan watanni, amma mutane sun riga sun ga yadda tsoro ke saurin kore kyakkyawar magana.

Misali na biyu ya fi wannan ciwo. Wajen farautar Usama bin Ladan, wanda aka kashe a Abbottabad cikin Mayu 2011, hukumar leƙen asiri ta CIA ta fake da rigakafin ciwon hanta don ta tabbatar da gidan da yake. Da asirin ya tonu, zargin da ake yi wa masu allura ya sami gindin zama, kuma daga Disamba 2012 aka shiga kashe ma'aikatan rigakafin shan inna a Pakistan. Mu da muka ga yadda jita-jita ta tsayar da rigakafi a Kano cikin 2003 mun san wuyar dawo da yarda in ta zube. Gwamnatin da ta yi alkawarin yaƙar shan inna ita ce ta ba masu zargi hujja. Sai cikin 2014 Fadar Shugaban ta ba da tabbacin ba za a sake fakewa da rigakafi ba.

Na uku shi ne Libiya. Yaƙin da ya kifar da Gaddafi cikin 2011, wanda Amurka ta shiga, ya buɗe rumbunan makamai, suka malalo Mali cikin 2012. Cikin 2013 jiragen Amurka marasa matuƙa suka sauka Yamai, daga baya aka gina musu sansani a Agadas, wanda sojojinta suka bari cikin 2024.

Kammalawa

Adalci ya sa a faɗi abin da aka cika. Ya janye soja daga Iraƙi a ƙarshen 2011, ko da yake sun koma cikin 2014 don yaƙar Da'ish. Ya kuma ƙulla yarjejeniyar nukiliya da Iran cikin Yuli 2015 ba tare da an harba harsashi ba, ko da yake magajinsa Donald Trump ya fice daga cikinta cikin 2018. Amma jama'a ba su jira wannan ba kafin su yanke hukunci. Binciken cibiyar Pew ya nuna masu kallon Amurka da idon rahama a Masar sun ragu daga kashi 27 cikin ɗari a 2009 zuwa 17 a 2010, shekara guda tak bayan jawabin.

A ganina Obama ya gane gaskiya tun farko, cewa yardar jama'a wani ɓangare ne na tsaro. Inda aka sami tangarɗa shi ne, a duk lokacin da yarda ta yi karo da nasarar gaggawa, nasarar gaggawa aka zaɓa. Ribar harin jirgi a ranar ake ganinta, hasararsa kuwa sai bayan shekaru, a zukatan dangin da aka kashe wa nasu. Wannan darasi bai tsaya ga Amurka ba. Kowace hukuma da ke yaƙi da 'yan ta'adda a cikin jama'a, har da tamu, tana bukatar wanda zai zo ya faɗa mata abin da ya gani, kuma ba zai zo ba in ya san shi da danginsa za a haɗa a hukunta. Alkawari kaya ne, in ji Hausawa. Allah ya ba shugabanni ikon sauke shi, amin.