Daga Gidan 'Yantattu na Zungeru zuwa Zauren Mai Unguwa

Dokar da Lugard ya kafa a 1901 ta ce duk jaririn da aka haifa a Arewacin Najeriya daga 1 ga Afrilun wannan shekara ɗa ne, babu mai ikon bautar da shi. A lokacin Turawa ba su ma ci Kano da Sakkwato ba, sai a 1903, don haka dokar ta riga masu ita isa ƙasar. An rufe kasuwannin bayi, an hana kai hari, amma ba a soke bauta ɗungurungum ba sai a 1936. A tsakanin nan cinikin manya ya yi ta ja da baya, na yara kuwa ya ƙi mutuwa. Dalilin a bayyane yake: baligi yana da baki, ya san garinsu, yana iya gudu ya kai ƙara gaban alƙali. Yaron shekara biyar fa, in fatake suka ce ɗansu ne, wa zai musa? Tarihin shekarun nan ya nuna cewa doka tana hukunta mai safara bayan an kama shi, amma abin da ke kare yaro tun kafin a kai ga haka shi ne a samu mutanen da suka san ɗan wane ne, suka kuma san inda ya kwana.

Gwamnatin mulkin mallaka ta ci karo da wannan tun da wuri. In aka tare ayari aka ƙwace yara, sai a rasa inda za a kai su, domin da yawansu ba su san sunan ƙauyensu ba, wasu ma ba wanda ke jin yarensu. Sai aka buɗe gidajen 'yantattun bayi, ɗaya a Zungeru, hedikwatar lokacin, ɗaya a Borno. A 1909 aka miƙa yaran Zungeru ga mishan ɗin Sudan United Mission, wadda ta gina gida a Rumasha a bakin Binuwai, da sunan Lucy, marigayiyar matar Karl Kumm, jagoran mishan ɗin. Gidajen sun ceci rayuka, ba a ƙi ba, duk da cewa yara da dama sun iso a galabaice sun mutu a can. Sai dai akwai hanya ta biyu da aka bi, wadda ba a cika ambata ba: ba da yaran riƙo ga ma'aikata da sojoji da 'yan mishan da masu hali. A takarda mariƙa ne. A cikin gida kuwa yarinyar ita ce mai ɗebo ruwa da daka da reno, ba albashi, ba kuma wani ɗan uwa da zai zo ranar Sallah ya ga ko ta rame.

Talauci ne ya riƙa cika wa masu cinikin jaka. A yunwar 1913 zuwa 1914 iyaye sun ba da 'ya'yansu jingina ko sun rabu da su a kan ɗan hatsi, suna ganin gara yaro ya rayu a hannun wani da ya mutu a gabansu. A duwatsun Mandara kuma hari bai tsaya ba. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum, har da yaran da mutanensa suka kamo, kuma sai a 1927 aka tuɓe shi. Yaran da aka fito da su daga irin waɗannan wurare ba a ɗaure ake tafiya da su ba. A matsayin 'yar ƙanwa ko ɗan riƙo ake wucewa da su.

Wannan ya sa wasu ke cewa riƙo kansa ne tushen matsalar, a hana shi a huta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, musamman ga wanda ya ga yadda wasu mata ke kwaso 'yan mata daga ƙauye zuwa aikatau a birni, su ne masu karɓar kuɗin wata, iyaye kuwa ko sunan unguwar ba su sani ba. Amma riƙon da Bahaushe ya gada yana da shinge. Ɗan fari, saboda kunya, yakan tashi a ɗakin kaka. Gwaggon da Allah bai ba haihuwa ba akan ba ta 'yar ɗan uwanta bayan yaye. Maraya yana komawa hannun baffa ko kawu. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta ya fito a 1954, ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi har ta aurar. A duk waɗannan, mai bayarwa da mai karɓa sun san juna, biki da suna da gaisuwar mutuwa suna haɗa su, kuma mariƙiya ta san ranar aure za a duba kayan ɗakin da ta yi wa yarinya, a yaba ko a yi da ita. Hana irin wannan zai bar marayu da 'ya'yan zawarawa a tasha, inda mai safara ya fi son ya same su. Abin da ya lalace shi ne shingen, wato sanayya da ziyara.

Haka unguwa take da nata tsarin. Baƙo ba ya sauka sai mai unguwa ya sani, fatake kuma suna da mai masauki da zai amsa tambaya a kansu. Yaron da ya ɓata akan kai shi zauren mai unguwa, a ba shi abinci a shimfiɗa masa tabarma, mai shela ya zaga da cigiya. Daga baya lasifikar masallaci da gidan rediyo suka karɓi aikin, ana faɗin kamannin yaro da kalar rigarsa.

Masu ja na biyu sukan ce wannan duk son tuna da ne, hukuma da kotu ne kawai ke tsorata mugu. Babu mai hankalin da zai raina doka. Amma a duba yadda dokokin suka samu. A Najeriya ƙungiyar WOTCLEF, wadda Hajiya Titi Atiku Abubakar ta kafa a 1999, ita ta tura ƙudirin da ya zama dokar hana safarar mutane ta 2003, wadda ta haifar da hukumar NAPTIP. A Nijar ƙungiyar Timidria, da aka kafa a 1991, ta yi shekaru tana bin ƙauyuka da rugage kafin a mayar da bauta laifi a 2003. Ko bayan dokar, Hadijatou Mani, da aka sayar tana 'yar shekara 12 a 1996 a matsayin wahaya, wato ƙwarƙwara, a yankin Ƙonni, kotun ƙasarta ɗaure ta ta yi da laifin aure kan aure. Sai da Timidria da abokan aikinta suka tsaya mata har kotun ECOWAS, wadda a Oktoban 2008 ta kama gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Dokar tana nan shekara biyar, ba ta motsa ba sai da mutane suka ɗauke ta suka kai inda ake buƙata.

Kano ta ga irin wannan a Oktoban 2019, lokacin da 'yan sanda suka dawo da yara tara da aka sace aka sayar a Onitsha, an sauya musu suna, wasu sun manta Hausa. An sace su ne daga unguwannin gefen birni irin su Yankaba da Dakata, inda gari ya faɗaɗa da sauri har maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba. Iyayen sun yi shekaru suna yawo da hotuna daga ofishin 'yan sanda zuwa gidajen rediyo, suka haɗa kai suka zama ƙungiya, kuma matsin lambarsu na cikin abin da ya sa gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike. A 2021 kotu ta yanke wa jagoran ɓarayin ɗaurin shekara 104, yayin da wasu iyayen ke ci gaba da cigiyar nasu 'ya'yan.