Yadda waya ta koyi kiran agaji da kanta

Ka taɓa lura cewa ko wayarka tana kulle, akwai wurin kiran gaggawa a ƙasan allo? To wannan ɗan maɓallin yana da dogon tarihi, kuma daga gobara ya faro.

A 1935 wuta ta kama wani gida a titin Wimpole da ke Landan, mata biyar suka rasu. Wani maƙwabci ya ɗauki tarho don ya kira 'yan kwana-kwana, aka bar shi yana jira a layi, domin a lokacin sai ma'aikatan ofishin waya sun haɗa ka. Ƙorafin da ya biyo baya ne ya sa aka buɗe 999 a 1937. Amurka ta samu 911 a 1968, Turai ta amince da 112 a 1991, lambar kuma ta shiga tsarin GSM da wayarka ke aiki da shi.

Sai dai wayar hannu ta zo da tata matsalar. Tarhon gida yana da adireshi, ita kuwa ba ta da shi. Ka ɗauka mota ta kife da mutum cikin dare a daji, ya kira, an ɗaga, an ce kana ina? Shi kansa bai sani ba. In ma ya suma, babu kiran ke nan gaba ɗaya.

Masu ƙera motoci ne suka fara taɓa wannan. A 1996 General Motors ya fito da OnStar, inda motar ke sanar da cibiyar agaji da zarar jakar iska ta buɗe. Tun 2018 Tarayyar Turai ta wajabta irin wannan tsari, eCall, a sabbin samfuran motoci. A ɓangaren waya kuwa, a 2016 Google ya sa Android ta riƙa tura wurin da kake yayin kiran gaggawa, amma fa sai a ƙasar da cibiyoyinta suka shirya karɓar saƙon.

Wayoyin Pixel sun fara gane hatsari a 2019, iPhone 14 ta biyo a 2022. Wayar na haɗa alamu ne: tsayawa kwatsam bayan gudu, jijjiga mai ƙarfi, ƙarar karo. Sai ta yi ƙara ta tambaye ka ko lafiya. In ka yi shiru na wasu daƙiƙoƙi, ta kira da kanta. Ta sha yin kuskure kam, har masu hawa lilon gudu a wuraren wasa ta kira wa agaji.

Mu a Najeriya, hukumar kiyaye haɗurra FRSC da aka kafa a 1988 tana da 122, ga kuma 112 ta NCC, duk kyauta. Gaskiya yawancin wayoyin da ke hannunmu ba sa gane hatsari, don haka kada ka dogara da wannan. Abin da kake da shi, in wayarka Android 12 ce ko sama, shi ne Emergency SOS: ka danna maɓallin kunna waya sau biyar da sauri, ta kira lambar da ka saita. Shiga Settings, nemi Safety & emergency, ka kunna shi. A nan ɗin ka sa rukunin jininka da lambar wani ɗan'uwanka mai ɗaga waya, yadda wanda ya tsince ka a bakin hanya zai gani ba tare da ya buɗe kulle ba.