Ƙwayar da ta san lokacin kamu da lokacin saki

Macen da fitsari ke yi wa zafi, tana ta zirga-zirgar banɗaki amma ba ta yi sai ɗan ɗiso, galibi ƙwaya ɗaya ce ke wahalar da ita. Sunanta E. coli, kuma ita ke haddasa kusan kashi uku cikin huɗu na ciwon mafitsara. Wani likitan yara, Theodor Escherich, shi ya gano ta a kashin jarirai a birnin Munich a 1885. Hanji ne gidanta, can take zaune lafiya da mu. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne yadda take samun wurin zama a mafitsara, inda fitsari ke share komai sau da yawa a rana.

A 1976 Catharina Svanborg da abokan aikinta a Gothenburg ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa ƙwayoyin da aka samo daga masu ciwon ƙoda sun fi sauran iya mannewa a bangon hanyar fitsari. Da wasu siraran gasu take kamu, ɗaruruwa a jikin ƙwaya ɗaya, kuma shekara guda bayan haka Nathan Sharon da mutanensa a Isra'ila suka gano cewa wani sukari mai suna mannos suke cafkewa a jikin tantaninmu.

Sai a 1981 maganar ta ɗauki sabon salo. Barry Eisenstein a Amurka ya lura cewa ƙwayoyin da suka fito daga uwa ɗaya, wasu na da gashin, wasu babu, kuma mai gashi tana iya haifar marar gashi. A 1985 aka gano dalili: wani ɗan guntun DNA ne mai haruffa 314, yana juyawa tamkar makunnin fitila. Ya fuskanci nan, gashi ya tsiro. Ya juya can, a daina. Per Klemm na Denmak ya gano furotin biyu masu juya shi a 1986, FimB da FimE. A ganina nan ne kan zancen yake. Gashin da take kamu da shi, shi ne kuma fararen ƙwayoyin jini ke gane ta da shi, don haka ba ta yarda dukan zuriyarta su fito da shi lokaci guda. In an cinye masu gashi, marasa gashi na nan.

Akwai wani gashin na daban, mai suna P, wanda take kama ƙoda da shi. Shi kuwa zafin jikin mutum na cikin abubuwan da ke kunna shi, kuma idan ya kunnu yakan sa a kashe na mafitsara, wato mai cafke mannos.

Daga 1998 zuwa 2003 ɗakin binciken Scott Hultgren a St. Louis ya nuna abin da ba a zata ba. A mafitsarar ɓera ƙwayar ba ta tsayawa a kan bango, kutsawa take cikin tantanin, ta hayayyafa a dunƙule inda magani ke wuyar kaiwa. Wannan ya ba da haske kan matan da ke shanye magani tsaf, bayan 'yan makonni ciwon ya dawo, a yi ta zarginsu da rashin tsafta. Mutanen Harry Mobley kuma suka bi diddigin abin da take kunnawa a 2004: fitsari ba shi da wadataccen sinadarin ƙarfe, sai ta buɗe hanyoyin wawurarsa, ta ajiye wutsiyar da take iyo da ita. A 2007 suka ga tana sake fito da wutsiyar daidai lokacin haurawa ƙoda.

Amma ɓera ba mutum ba ne. Da aka duba fitsarin mata takwas masu ciwon a 2010, a mafi yawansu gashin mafitsara a kashe yake. Mai yiwuwa waɗanda suka kama suna can manne, waɗanda suka saki ne suka biyo fitsari.

Daga wannan ilimi aka yi tunanin yaudararta da sukarin mannos, ta kama shi a maimakon bango. An gwada a Birtaniya kan mata 598, sakamakon ya fito a 2024, kuma garin mannos na sha bai rage dawowar ciwon ba. Yanzu hankali ya koma kan magungunan da aka ƙera su fi mannos riƙe bakin gashin, ganin yadda magungunan kashe ƙwayoyin cuta ke ta rasa ƙarfi a kanta.