Dattijo da dattako: zaɓen dattawan ikilisiya daga Tsibiri zuwa ƙasar Adar

Gabatarwa

Wanda ya bar kwalta a Madawa ya yi arewa, ya bi ta Buza ya isa Tabotaki ko Keita, ƙasar Musulmi ya ke ratsawa tun daga farko har ƙarshe. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya bisa ɗari ba. Saboda haka ana iya tambayarmu dalilin da ya sa muka ɓata tawada a kan yadda ƴan ƙananan ikilisiyoyi su ke zaɓen dattawansu. Dalilinmu shi ne, a cikin jama'a ƙarama ne a ke ganin ƙashin bayan iko a fili: wa ke kawo suna, wa ke amincewa, wa ke da ikon cewa a'a. Za mu bi wannan tambaya a cikin ikilisiyoyin da suka fito daga mishan ɗin Sudan Interior Mission, wato SIM, domin ita ce ta fara aiki cikin Hausawan Nijar, ita ce kuma ta kafa asibitin Galmi a bakin ƙasar Adar.

1. Kalma ɗaya, ma'ana biyu

SIM ta samo asali a 1893, lokacin da Rowland Bingham da abokansa biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan. Ta isa Damagaram a 1924, Tsibirin Gobir kuma a 1927, inda David Osborne ya zauna shekaru da yawa. Ƴan mishan ɗin ba ƴan ɗarika ɗaya ba ne. Akwai Baptis, akwai Presbiteriya, akwai wasu. Abin da ya haɗa su a kan tsarin ikilisiya shi ne komawa ga Sabon Alkawari kai tsaye, musamman sura ta 3 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti da sura ta 1 ta wasiƙarsa zuwa ga Titus. A can ne aka jera halayen shugaba: mutum marar abin zargi, mai mace ɗaya, mai riƙon gidansa da kyau, mai karɓar baƙi, wanda ba mashayi ba, ba mai kwaɗayin kuɗi ba, ba kuma sabon tuba ba.

Da aka zo mai da wannan muƙami cikin Hausa (cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932), kalmar da ta zo hannu ita ce dattijo. Zaɓin ya dace, amma ya shigo da kaya masu nauyi. Bahaushe bai jira Nasara ba kafin ya san dattijo. Dattako a wurinsa shekaru ne da kamun kai da iya magana a tsakanin masu husuma, tare da abin da a ke kira arzikin mutane: mata, ƴaƴa, barori, maƙwabta da ke cin tuwo a zaurenka. Mutumin da gari ke kira dattijo a Gobir ta 1930, da wuya a ce matarsa ɗaya. Ke nan sharaɗin mace ɗaya ya fitar da mafi yawan waɗanda jama'a za ta nuna da kanta, sharaɗin karatu kuma ya shigo da samari waɗanda suka koyi boko a gidan mishan. Sai aka wayi gari ana iya samun dattijon ikilisiya wanda ba ya da furfura ko ɗaya, ga kuma mai furfura zaune a bayansa ba a yi masa baftisma ba saboda matansa biyu.

Barbara Cooper, a littafinta na 2006 a kan Kiristocin bishara na ƙasar Maraɗi, ta keɓe babi guda ga wannan gardama tsakanin 1933 da 1955, inda ta haɗa abubuwa uku: ma'anar dattijo, auren Kirista, da abin da a ke kira aikin Allah. Muna ganin haɗin nan daidai ne, domin babban aikin dattawa a wancan zamani shi ne horo. Su ke sauraren ƙarar aure, su ke binciken mai neman baftisma, su ke hana mai laifi cin jibin Ubangiji har ya tuba. Wanda ya riƙe wannan ƙofa ya riƙe mutuncin kowa.

Ya kamata mu tuna cewa Tsibiri gari ne na sarauta. Gobirawa suka kafa ta bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kuma sun san zaɓe tun da daɗewa: Taran Gobir ke fitar da sarki daga cikin ƴaƴan sarki, kamar yadda Galadima da Ƙaura da Durɓi da Ƴandaka ke yi a Maraɗi. Wasu daga cikin Kiristocin farko na Tsibiri ƴan gidan sarauta ne. A idon irin waɗannan mutane, majalisar dattawa ba baƙon abu ba ce. Baƙon abu shi ne a ce baƙo, wanda ba shi da gona ko kabarin kaka a garin, shi ke da maganar ƙarshe.

2. Daga naɗi zuwa ƙuri'a

A shekarun farko, ɗan mishan ke nuna wanda ya ga ya isa, jama'a kuma ta amince. Hujjar da a ke kafawa ita ce Bulus da Barnaba sun sa dattawa a kowace ikilisiya, kamar yadda ya zo a Ayyukan Manzanni 14:23. To, amma kalmar Helenanci da ke cikin wannan aya asalinta miƙa hannu ne, irin na masu ƙuri'a, kuma masu tafsiri sun daɗe suna gardama ko naɗi a ke nufi ko zaɓe. Sura ta 6 ta wannan littafi ta nuna wata hanya: jama'a ta fitar da mutum bakwai, manzanni suka yi addu'a suka ɗora musu hannu. Matakai biyu ke nan, zaɓe da tabbatarwa, kuma duk tarihin da mu ke bayarwa yana tsakanin su.

Turai ma ba ta warware wannan cikin sauƙi ba. Dokokin ikilisiya da Calvin ya sa aka kafa a Janeba a 1541 sun tanadi dattawa 12, waɗanda a ke kira anciens da Faransanci, kuma daga majalisun mulkin birnin a ke ɗauko su: 2 daga ƙaramar majalisa, 4 daga majalisar mutum 60, 6 daga ta mutum 200. Wato a tushen wannan al'ada ma, manyan gari ne dattawan ikilisiya. Ƴan Tsibiri da suka so a ba masu mutunci a gari wannan kujera ba su yi nisa da Janeba ba kamar yadda malamansu suka zata.

Abin da ya girgiza tsarin naɗi shi ne yaƙin duniya na biyu. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Afirka ta Yamma ta Faransa tana hannun gwamnatin Vichy, kuma ƴan mishan masu jin Ingilishi, masu shiga Nijeriya suna fita, sun zama abin zargi ga kumandan. An taƙaita zirga-zirgarsu, aikinsu ya ja baya. Sujada da wa'azi da sasanta ma'aurata suka koma hannun ƴan ƙasa. Bayan yaƙi an dawo da yawan ma'aikata da kuɗi, amma mutumin da ya riƙe jama'a shekara biyu ko uku ba tare da mai duba shi ba, ba ya komawa yaro.

A Nijeriya ikilisiyoyin SIM sun haɗu sun zama ECWA a 1954. A Nijar, jim kaɗan bayan samun mulkin kai na 1960, aka kafa Église Évangélique de la République du Niger, wato EERN. Daga nan zaɓe ya zama hanyar da aka sani. Tsarin, a taƙaice, shi ne: waɗanda aka yi wa baftisma kuma ba sa ƙarƙashin horo su ke da murya, a kawo sunaye, a auna su da sharuɗɗan Timoti da Titus, a yi ƙuri'a, sa'an nan fasto ya keɓe waɗanda aka zaɓa da addu'a a gaban jama'a ranar Lahadi. Ƙuri'ar ita ce a ke gani, amma a ganinmu ainihin ikon yana wurin tace sunaye. Sunan da bai fito daga wannan rariya ba, ko mutum ɗari suna son sa, ba ya zuwa gaban jama'a.

Mai karatu zai ga kamannin wannan da naɗin sarakunan gargajiya. Dokar 93-28 ta 30 ga Maris 1993 ta ce masu gida ke zaɓen mai gari, masu gari kuma su zaɓi sarkin kanton, amma hukuma ke karɓar takardun ƴan takara, ita ke kuma tabbatar da wanda ya ci. A nan ma, wanda ya riƙe ƙofar shiga da ta fita ya fi mai jefa ƙuri'a ƙarfi.

3. Galmi da abin da ke bayanta

Ƙasar Adar ta sha bamban da Gobir. Djibo Hamani da Nicole Échard, a ayyukansu na 1975, sun nuna ƙasa ce mai iko hawa-hawa: Azna masu ƙasa da tsafinsu, Sarkin Adar daga zuriyar Agabba ɗan sarkin Agadas tun ƙarni na 17, Lisawan, Kel Geres a kudu, da malamai. A ƙauyen Adar, tambayar farko da a ke yi wa mai son shugabanci ita ce kakansa ya sari dajin ko ya tarar da shi a sare.

Kiristanci bai shiga nan ta gidan sarauta ba. Ta asibiti ya shiga. Likita Burt Long ya buɗe asibitin Galmi a 1950, a kan hanyar Ƙwanni zuwa Madawa. Jama'ar da ta taru kewaye da irin wannan wuri, mafi yawanta ma'aikata ne: masu jinya, masu gwajin jini, magina, direbobi, da yawansu daga Maraɗi ko Dogon Dutsi ko Nijeriya. Wannan ya kawo matsalar da Bulus bai hango ba. Idan mai ba ka albashi ranar Litinin shi ne mai zama kusa da kai a majalisa ranar Lahadi, yaya za ka saɓa masa? Idan kuma horon ikilisiya na iya taɓa aikinka, to ƙuri'ar da ka jefa wa dattijo ta shafi tuwon gidanka. Haka abin ya ke a Danja, inda aka buɗe asibitin kutare a 1956, sai dai a can marasa lafiya da suka daɗe suna jinya sun zama jama'a mai zaman kanta.

Idan aka yi nisa da kwalta, lamarin ya ƙara tsananta. A ƙananan garuruwan Adar, Kiristan da a ke gani galibi baƙo ne: malamin lakwal, ma'aikacin likita, ɗan kasuwa daga Nijeriya ko Benin ko Togo. Ma'aikaci yana iya samun takardar canjin wuri a kowace shekara. Ɗan ƙasa kuma, in akwai shi, yana bin abin da kowane namiji na Tabotaki ko Buza ke bi: da an gama girbi sai cin rani, zuwa Kano ko Legas ko Abijan ko Libiya, wani wata shida, wani shekara biyu. Sharuɗɗan Timoti sun ɗauka cewa akwai mutum zaunanne wanda an ga yadda ya ke riƙon gidansa shekara da shekaru. Inda magidanta biyar ne kawai, biyu suna Abijan, ɗaya sabon tuba, zaɓe ya zama suna kawai. Mai bishara da aka aiko daga makarantar Littafi ta Agye ko Dogon Gawo shi ne fasto, shi ne dattijo, shi ne ma'aji.

A nan ne maganar mata ta ke fitowa. SIM ta fassara sharaɗin mai mace ɗaya da cewa dattijo namiji ne. Amma waɗanda ba sa zuwa cin rani su ne mata, kuma Zumuntar Mata ita ce ƙungiyar da ke taruwa kowane mako, tana tara kuɗi, tana zuwa gaisuwar haihuwa da ta mutuwa. Ba su zauna a majalisa ba, amma su ne suka san wanda ke dukan matarsa da wanda ya bar gida ba hatsi, wato su ke riƙe da shaidar da sharuɗɗan su ke nema. Mun sha ganin masu nazari suna ƙidaya kujeru su ce mata ba su da iko. Ƙidayar daidai ce, sai dai ba ta kai ga inda a ke kashe suna ko a raya shi ba.

4. Rabuwa da fuskar hukuma

A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, EERN ta rabu. Aka samu Union des Églises Évangéliques Protestantes du Niger da Église Évangélique Salama du Niger a gefenta. Gardamar ba ta aƙida ba ce. Ta shugabanci ce da riƙon dukiya, ga kuma tazara tsakanin tsofaffin da suka yi karatu da Hausa da samarin da suka fito lakwal da Faransanci. Dokar Faransa ta 14 ga Fabrairu 1922 ta wajabta Faransanci a makarantu, SIM kuwa ta daɗe tana dogara ga Hausa, saboda haka dattawan farko sun iya wa'azi amma ba su iya rubuta wa sufurfe wasiƙa ba. Ba ma ganin tsautsayi ne rabuwar ta zo daidai da guguwar da ta kai ƙasa ga Babban Taron Ƙasa na 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Mutumin da ya ga ana tuhumar ministoci a rediyo, zai tambayi ma'ajin ikilisiyarsa lissafi.

Tun dokar 84-06 ta 1 ga Maris 1984 a kan ƙungiyoyi, ikilisiya a idon hukuma ƙungiya ce mai dokoki a rubuce da sunayen shugabanni. Wannan ya ƙara wa dattijo wani aiki da ba ya cikin Timoti a sarari, ko da ya ke sura ta 3 ta nemi ya zama mai kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ke waje. A watan Nuwamba 2000 an kai wa wata majami'a hari a Maraɗi cikin tarzomar adawa da bikin FIMA. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, a watan Yuni 2019 kuma aka sake ƙona wata a Maraɗi lokacin da a ke gardama kan dokar tsara harkokin ibada. A irin waɗannan ranaku, abin da jama'a ke buƙata shi ne mutumin da zai shiga zauren mai gari ko na liman a san shi, a san ubansa, a ba shi tabarma. Wannan shi ne dattijon da Gobir ta sani a 1930, wanda sharaɗin mace ɗaya da na karatun boko suka bari a bayan majami'a.