Tarpé Mills: Macen da Ta Ɓoye Sunanta Ta Zana Jaruma

Mu da muka tashi a nan Mashi, a kan hanyar Katsina zuwa Daura, ba baƙi ba ne ga labarin mata masu jan ragamar jama'a. Tun muna ƙanana ake ba mu labarin Magajiya Daurama da rijiyar Kusugu, da jerin sarauniyoyin da aka ce sun mulki ƙasar Daura kafin zuwan Bayajida. Amma idan muka shiga aji muka leƙa abin da ɗalibanmu ke ɓoyewa a ƙarƙashin tebur, sai mu tarar da littattafan labarin zane na Turawa, ko kuwa finafinan da aka ɗauko daga cikinsu. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wata mata da ta yi fice a wannan fage tun farkonsa, domin akwai abin koyi a rayuwarta ga duk mai riƙe da alƙalami.

Shi dai labarin zane, labari ne da ake bayarwa ta hanyar hotuna jere a cikin 'yan akwatuna, ana sa maganar kowane tauraro a cikin da'ira kusa da bakinsa. Masu shekaru a cikinmu za su tuna mujallar African Film da jaruminta Lance Spearman, wadda ta yi tashe a ƙarshen shekarun 1960, ko da yake ita da hotunan kyamara aka yi ta. A Amurka kuwa, kasuwar jarumai masu ƙarfin ban mamaki ta buɗe ne a 1938, lokacin da Superman ya fara bayyana a mujallar Action Comics. Daga nan kamfanoni suka yi ta rige-rigen fito da nasu jaruman, kuma kusan dukkan masu zanawa da masu rubutawa maza ne.

A cikin wannan yanayi ne June Mills ta shigo. An haife ta a unguwar Brooklyn ta birnin New York, ta kuma tashi a hannun mahaifiyarta wadda mijinta ya rasu ya bari, a gidan da ake riƙon marayun 'yar'uwarta. Saboda ƙuncin rayuwa, tun tana budurwa ta shiga aikin tallan tufafi, ana ɗaukar hotonta ana biyanta, da haka ta taimaka wa gida ta kuma yi karatun zane a makarantar Pratt. Ta fara da zanen kayan ado na mata, kafin ta koma labarin zane a wajajen 1938, inda ta ƙirƙiri taurari irin su Daredevil Barry Finn da Cat Man da Purple Zombie.

Abin lura shi ne, ba ta sa June a kan ayyukan nan ba. Ta ɗauki sunanta na tsakiya, wato Tarpé, wanda ba ya nuna ko namiji ne ko mace. Dalilin da ta bayar daga baya shi ne, tana jin yara maza masu karanta labaran za su yi sanyin gwiwa idan suka gane mace ce ke zana musu waɗannan sadaukai. Wato dai ta san kasuwarta, ta kuma san abin da kasuwar ba za ta lamunta ba.

A ranar 6 ga Afrilu, 1941, jaridun ranar Lahadi suka fara ɗauke da sabon labarinta mai suna Black Fury, wanda ba a jima ba aka mayar da shi Miss Fury. Kamfanin Bell Syndicate ne ke rarraba shi ga jaridu. Ya riga Wonder Woman fitowa da kimanin wata shida, ita kuma Wonder Woman namiji ne ya ƙirƙire ta, William Moulton Marston. An yi wasu jarumai mata kafin nan, irin su Sheena da Fantomah, amma duk daga hannun maza suka fito. Don haka ne masana tarihin wannan fanni ke ɗaukar Miss Fury a matsayin babbar jaruma ta farko da mace ta ƙirƙira ta kuma zana da hannunta.

Tauraruwar labarin ita ce Marla Drake, wata 'yar masu hali a New York. Za ta wani biki sai ta ji labarin wata za ta sa kaya irin nata, don haka ta ɗauko wata fatar baƙar damisa da kawunta ya bar mata, wadda aka ce ta wani bokan Afirka ce, ta saka. A kan hanya ta yi kiciɓis da wani mai laifi da ya tsere, ta taimaka aka kama shi, daga nan suna ya bi ta. Marla ba ta tashi sama, ba ta ɗaga mota. Wayo da ƙarfin zuciya ne makamanta, ita kuwa fatar ba kasafai take sa ta ba. A nan ya kamata mu lura da yadda marubutan Amurka na wancan zamani ke kallon nahiyarmu: wurin bokaye da namun daji, inda ake zuwa a aro asiri. Mills ma ba ta tsira daga wannan kallo ba.

Da yake lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, labarin ya kai Marla har ƙasar Barazil, inda ta yi ta fafatawa da 'yan Nazi, musamman Erica von Kampf, wadda ke rufe tambarin Nazi da aka yi mata a goshi da gashinta, da kuma Janar Bruno. Daga baya Marla ta ɗauki riƙon wani yaro alhali ba ta da aure, abin da ba a saba gani a irin waɗannan shafuka ba. Mills ta zana Marla da kamanninta, har kyanwarta ta gida ta sa a cikin labarin. Da jaridu suka buga hotonta, asiri ya tonu cewa Tarpé mace ce, kuma masu karatu ba su gudu ba. A ganiyarsa labarin yana fita a jaridu kusan 100, sojojin sama na Amurka suna zana jarumar a jikin jiragensu, kamfanin Timely, wanda ya zama Marvel daga baya, ya tattara shi a mujallu takwas tsakanin 1942 da 1946.

Ba a rasa cece-kuce ba. A 1947 jaridu 37 sun ƙi buga shafin wani mako saboda ƙarancin suturar da ta zana wa wata tauraruwa. Mu da muka ga muhawarar da aka tafka a kan littattafan soyayya na Kano a shekarun 1990 mun san irin wannan rikici tsakanin marubuci da masu tsaron tarbiyya, mun kuma san kowane ɓangare yana da hujjarsa.

Labarin ya tsaya a 1952. Bayan haka Mills ta koma zanen tallace-tallace, sai ɗan abin da ba a rasa ba, kamar gajeren labarin soyayya da ta zana wa Marvel a 1971. Ta rasu a Brooklyn ranar 12 ga Disamba, 1988, a lokacin da 'yan kaɗan ne ke tunawa da ita. Wata mai zane kuma mai binciken tarihi, Trina Robbins, ita ta dage har aka tattara shafukan Miss Fury aka sake buga su a littattafai biyu, a 2011 da 2013. A 2019 aka sa sunan Mills a jerin gwarzaye na lambar yabo ta Eisner, shekara 31 bayan rasuwarta.

Abu na farko da za mu ɗauka a nan shi ne batun suna. Har yau akwai 'yan'uwanmu mata da ke rubutu a ɓoye don gudun abin da za a ce, duk da hanyar da irin su Hafsatu Abdulwahid da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa suka share. Aikin ƙungiya ne ta tsaya musu har su sa sunansu ba tare da fargaba ba. Na biyu, adana aiki. Da Robbins ba ta bi tsofaffin jaridu ta tsinto shafukan nan ba, da sun bi ruwa. Littattafanmu nawa ne na shekarun 1980 da 1990 da ko marubutansu ba su da kwafi a yau?

Na uku, kayan aikin suna gabanmu. A 2017 Roye Okupe, haifaffen Legas, ya fito da labarin zane na Malika, wadda ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Sarauniyar Lugu da ta yi tsayin daka ga sojojin Faransa a 1899, Abdoulaye Mamani na Nijar ya rubuta ta a 1980, Med Hondo ya mayar da ita fim a 1986. Ita kuwa Daurama tana nan tana jiran mai zana ta da Hausa. A kowane aji muna da yarinyar da ke cika bayan littafinta da zane, sau da yawa kuma tsawa take sha a kai. Muna kira ga marubutanmu da su nemi irin waɗannan yara, mai labari ya haɗa hannu da mai zane, a rubuta yarjejeniya, a kuma sa sunan kowa a bango. Allah ya yi mana jagora.