Ƙuri'a da Neman Nufin Allah a Ikilisiyar Morabiya

'Yan'uwan Morabiya, wato ikilisiyar da ta samo asali a ƙasar Bohemiya, sun daɗe suna neman nufin Allah ta hanyar ƙuri'a, suna koyi da manzanni da suka zaɓi Matiyas a madadin Yahuza. Da ita suka fitar da limamansu uku na farko a ƙauyen Lhotka a 1467. Bayan sun sake kafuwa a Herrnhut ta Jamus daga 1722, a ƙasar basarake Zinzendorf, al'adar ta ƙara ƙarfi: dattawa kan yi addu'a da shawara tukuna, sannan a zaro ɗaya cikin takardu uku, ta amincewa, ta hani, ko wadda ba rubutu, wadda ke nufin lokaci bai yi ba. Wannan ta ukun ce mafi hikima, domin takan hana gaggawa, ta kuma tilasta wa shugabanni haƙuri. Amma da ƙuri'a ta shiga sha'anin aure sai ƙorafi ya yawaita, aka sassauta dokar yin ƙuri'a kan aure a 1818, babban taron ikilisiyar kuma ya soke al'adar ƙuri'ar a 1889.